Mayen Ƙarfe

A gidanmu kowa yana da baki in ban da ni. Inna takan ce ranar da aka haife ni sai da ungozoma ta mintsine ni kafin na yi kuka, kuma ko a nan ban ja shi da nisa ba. Yayana, wanda muke uwa ɗaya uba ɗaya, in yana waya a bakin rijiya ana jin sa a masallaci. Matarsa ta fi shi. Ni kuwa tun ina lakwal, wato firamare, a Tibiri har na wuce lise, babbar sakandare, a Dogon Dutsi, abin da aka san ni da shi shi ne zama a gindin katanga da littafi, ina gusawa kaɗan-kaɗan ina bin inuwa.

Matar Yaya ce kaɗai ta iya fito da ni. Ita matar wa, ni ƙanin miji, saboda haka tana da izinin ta yi mini duk tsiyar da ta ga dama. “Mijina” take ce mini. In na dawo hutu, tun ban ajiye jaka ba za ta tare ni a bakin zaure.

“Ga angona ya dawo! Ku dubi wuya kamar muciya. Zabarmawan Yamai ba su ba ka komi sai ganye?”

“Ina wuni,” in ce, kaina a ƙasa.

“Ina wuni, in ji shi! Wanga miji nawa sai ka ce aduwa, in ba a girgiza shi ba babu abin da ka faɗowa.”

Ba na iya ramawa, amma ina jin daɗi. A duk ƙauyenmu wannan tsiyar ce take nuna mini cewa na iso gida.

A jami'a, a Yamai, shimi na karanta, wato ilimin sinadarai. Da na kai matakin da ɗalibi ke zaɓen wanda zai yi bincike a ƙarƙashinsa, sai na zaɓi wata malama da kowa ke ce wa Madam. Gaskiyar magana, na zaɓe ta ne don ita ma ba ta da surutu. 'Yar ƙaramar mace ce mai tabarau da igiya a wuya. Ta daɗe a Turai kafin ta dawo. Wani ɗalibi da ya girme ni ne ya nuna mini a kwamfuta cewa akwai wata hanya ta haɗa sinadarai da ta ƙirƙiro tun tana da ƙuruciya, kuma har yanzu masu bincike a ƙasashen da ba ta taɓa takawa ba suna bin hanyar, suna ambaton sunanta a ƙarshen rubutunsu. Na daɗe ina kallon sunan a tsakiyar sunayen baƙi. Washegari na gan ta a bakin titi tana jiran mai burodi ya gama da wani, yana ce mata, “Tsohuwa, ki ɗan matsa.” Ta matsa.

Aikinmu a labo, ɗakin gwaje-gwaje, ba shi da hayaniya. Ƙarfe ba wanda maƙeri ke duka ba ne kaɗai. In aka yi ta raba shi, za a kai ga ƙwaya ɗaya tak wadda ido ba ya gani. Mukan narka gishirin wani ƙarfe a ruwan sinadari, mu zuba masa wasu sinadaran da ke da abin da za a iya kira hannuwa. Ba mu muke ɗaura su ba. Su da kansu suke neman juna, kowanne ya sami wurinsa, su kewaye ƙwayar ƙarfen su yi mata ɗan keji. Sai a rufe kwalbar a ajiye a lungun kabad, a hana kowa taɓawa. In an yi sa'a, bayan makonni za a ga 'yan duwatsu masu sheƙi sun tsiro a gindi. In zafin Yamai ya yi gaggawar shanye ruwan, gari kawai za a samu, a sake daga farko.

Abin da Madam ke nema shi ne kowace ƙwaya a cikin kejinta ta zama mayen ƙarfe ita kaɗai, in an juya ta wani gefe ta riƙe wannan gefen, ta tuna da shi. Ta ce wata rana da irin wannan za a riƙa adana labari a wurin da bai kai kan allura ba. Yanzu dai sai a cikin wani irin sanyi da babu kamarsa a doron ƙasa suke iya riƙewa, shi ya sa muke aika duwatsunmu wata ƙasa mai nisa a auna mana. Na taɓa tambayarta amfanin kejin. Ba ta ɗago daga madubin ƙara girman abu da take leƙawa ba ta ce, “In maƙwabtanta suka matso kusa, sai su rikita ta ta manta. Sai an ware ta take tunawa.”

Ni na fi kowa haƙurin jiran kwalba. Sauran ɗalibai sukan ɗaga su girgiza su gani. Ni sai dai in tsuguna in leƙa da tocila, ina riƙe numfashi. Gab da hutun damina duwatsuna na farko suka fito, launinsu kamar ruwan zoɓo da aka surka. Madam ta duba ta ce sun manne da juna, ba za su aunu ba. Sai ta zuba su a wata 'yar kwalba, ta toshe bakin da kakin zuma, ta haɗa mini da wani ɗan mayen ƙarfe mai ƙarfi, girman maɓallin riga.

“Naka ne na fari,” ta ce. “Kai wa mahaifiyarka ta ga abin da ke hana ka kiran ta.”

A mota, tun daga Yamai har Dosso, ban yi komai ba sai neman kalmomi. Duk karatun nan da Faransanci na yi shi, Inna kuwa ba ta jin ko gaisuwa. Ina so in faɗa mata daidai, ba ƙari ba ragi. Na gwada “maganaɗisu”, na ga kalmar littafi ce, ban taɓa jin ta a bakin kowa a ƙauyenmu ba. “Mayen ƙarfe” kuwa ko yara sun san shi, suna ciro shi daga matacciyar rediyo su yi ta jan ƙusa a ƙasa. Duwatsun fa? Ba tsakuwa ba ne, ba gishiri ba. Abu ne da ya daskare daga ruwa, yana sheƙi. Sai na tuna ƙanƙarar da kan faɗo da ruwan farkon damina. Kafin in sauka in shiga motar Tibiri na gama shirya jimlolina, na maimaita su a zuciya, har ina jin daɗin yadda suka zauna.

Na iske gero ya kai gwiwa, ana tsakiyar maimai, wato noma na biyu. Washegari da la'asar, bayan an dawo gona, muna zaune a tsakar gida: Inna tana tsinke zogale, matar Yaya tana tankaɗe, Yaya ya miƙe ƙafa yana gyara ƙotar hauya. 'Yarsu, wadda ba ta isa shiga lakwal ba, tana jingine da gwiwata. “Baba Ƙarami” take ce mini, kuma ita kaɗai ce shiruna bai taɓa damu ba.

Inna ta ce, “To, mi kuka yi can haka, kullum babu lokaci?”

Na shiga ɗaki na ɗauko kwalbar.

“Inna, kin san mayen ƙarfe. To irinsa muke yi, amma ƙanana ƙwarai, ido ba ya ganinsu. Mukan kama ƙwaya guda mu kulle ta a cikin ɗan keji, ba ta iya fita. In sun taru da yawa sai su daskare su zama ƙanƙara. Ga ta nan.”

Na kwantar da kwalbar a tafin hannuna, na kawo ɗan maɓallin kusa da gilashin. Duwatsun suka motsa. Na ja shi a hankali, suka biyo shi suna hawa jikin kwalbar, babu abin da ya taɓa su. Yarinyar ta ƙwalla ihu ta daɗi.

“Suna tahiya! Baba Ƙarami, sake!”

Matar Yaya ta ajiye rariya ta tafa hannu, gari ya tashi.

“La'ilaha! Maye, kamu, ƙanƙara. Inna, kin ji ɗanki? Mun aika shi karatu, ya koyo muna maita! Mijina, don Allah in za ka ci, ka fara da yayanka, ya fi ni kitse.”

“Wane kitse?” in ji Yaya. “Hauya ta cinye shi. Sai dai ya tauna jijiya.”

Muka yi dariya, har ni. Sai a lokacin na ji yadda kalmomina suka faɗi a jere. A wurinmu kowa ya san abin da ake faɗa a kan maye: yana da ƙanƙara a ciki, mai launi-launi, wadda ya sha a nonon uwa ko ya saya ya haɗiye. Yana kama kurwar mutum, wadda ido ba ya gani, ya ɓoye ta, mutum ya yi ta ciwo. Na san duk wannan tun ina yaro. A mota dai ban tuna ba, hankalina yana kan kada in faɗi abin da Madam za ta ce ba daidai ba ne.

Inna ba ta yi dariya sosai ba. Ta ce wa surukarta, “Ki bar wagga magana, ba a wasa da ita.” Sannan ta karɓi kwalbar ta ɗaga ta saitin rana, ta daɗe tana kallo. “Da kyau,” ta ce. “Allah shi yi albarka.”

Matar Yaya ba ta nufi komai ba. Da safe ta kai labarin rijiya, don ba ta iya riƙe abin dariya ita kaɗai. Amma wasan matar wa da ƙanin miji na cikin gida ne. Matan rijiya ba su da wasa da ni. Suka ɗauki maganar suka kai gidajensu, dariyar ta tsaya a bakin rijiya.

Na daɗe ban lura ba, domin dama ba a cika yi mini magana ba. Abin da na fara gani shi ne 'yan lakwal da kan kawo mini lissafi in duba musu a lokacin hutu sun daina zuwa. Na ce gona ce ta riƙe su. Sai wata rana ina dawowa daga masallaci, wata mata da ta san ni tun ina tsumma ta ja gefen zanenta ta rufe fuskar jaririn da ke bayanta. Da na wuce na ji ta ce a hankali, “Kurwata kur.” Na juya in ga da wa take. Babu kowa a hanyar sai ni.

A zaurenmu ake ciyayya. Maƙwabta sukan kawo kwanukansu bayan magariba, a haɗa a ci tare. Kwanukan suka fara raguwa. Wani ya ce ciki ke damunsa, wani ya ce ya yi baƙo. Ranar da muka rage daga ni sai Yaya, ya ci loma kaɗan ya wanke hannu, ya ce ba tare da ya dube ni ba, “Kai da ke karatu, a riƙa kai maka naka ɗaki. Za ka fi sakewa.” Daga ranar nake ci ni kaɗai, ina jin hirar zaure ta dawo kamar da.

Na yi tunanin in fita in yi bayani. Na ma shirya jimlolin. Amma duk wadda na gwada a zuciya, sai in ga da waɗancan kalmomin dai za ta ƙare. Sai na koma tafiya gona da sassafe kafin mutane su fito, in yi noma a can ƙarshen kunya, in dawo ta bayan gari. Matar Yaya ta ci gaba da tsokanata, amma a hankali, kamar mai taka ƙasa bayan ruwa. Yarinyar ce kawai ba ta canza ba. Kullum sai ta leƙo ɗakina ta ce in sa ƙanƙara ta yi tafiya.

Ruwa ya zauna sosai a shekarar, sauro ya yi yawa. Wata safiya aka tashi jikin yarinyar ya yi zafi kamar murhu. Aka ba ta jiƙo. Kwana ya kewayo tana amai, tana firgita, idanunta suna juyewa. Na san palu ne, zazzaɓin sauro, na ga irinsa sau da yawa. Na ce wa Yaya a kai ta likita a Tibiri. Ya ce to, bari a ga hantsi.

Kafin hantsi ta fara sambatu. Ina ɗakina na ji muryarta siririya: “Baba Ƙarami. Baba Ƙarami, ƙanƙara.” Wasanta take nema. Amma a wurinmu an ce wanda aka kama kurwarsa, in ciwo ya yi tsanani, sunan mayen yake kira.

Uwar matar Yaya ta iso daga ƙauyensu, da wasu mata biyu. Aka fito da yarinyar aka shimfiɗa ta a tabarma a tsakar gida. Mutane suka cika bakin zaure, wasu suna leƙe ta saman darni. Aka aiko in fito.

Tsohuwar ba ta gaishe ni ba. Ta ce, “Ka ji ta da kunnenka. Ba mu zo faɗa ba. Ka tsallake ta, ka sake ta, kowa ya kama gabansa.”

Haka ake yi. Wanda ake zargi yakan tsallake marar lafiya, wai kurwar ta koma.

Na ce, “Iya, palu ne. A kai ta likita yanzu, tun ba ta fara suma ba.”

“Allura ba ta kama jikin da babu kurwa. Ka sake ta tukuna.”

Na dubi Yaya. Yana tsaye a jikin rumbu, yana kallon yatsun ƙafarsa. Na tsaya ina lissafi, don shi kaɗai na iya. In na ƙi, ba za a kai ta ba, in kuma aka kai ta a makare ta mutu, ni na cinye ta. In na tsallaka aka kai ta likita ta warke, kowa zai ce ga shi nan, da ya sake ta ta tashi. Na juya abin ta kowane gefe, ban ga inda zan fita da sunana ba.

Sai matar Yaya ta taso daga gefen tabarmar. Idanunta sun kumbura, ɗankwalinta ya zame ba ta sani ba. Ta durƙusa a gabana, ita da ba ta taɓa durƙusa mini ba sai in za ta kwaikwayi amarya ta ba mutane dariya.

“Bawan Allah,” ta ce, “ka dubi girman Allah. Ita kaɗai gare ni.”

Duk abin da aka yi mini a damanar nan, babu wanda ya kai wannan “bawan Allah” ciwo. Na buɗe baki in ce mata ke ce fa kika fara faɗa, da wasa, kina tankaɗe.

Inna ta fito daga madafa, hannunta duk toka. Ba ta ɗaga murya ba.

“Kun ce a nono aka shan ta, ko?”

Tsohuwar ta ce, “Wasu saye suka yi. Mu ba mu ambace ki ba.”

“Ni na ambaci kaina. Babu abin da ke cikin wanga yaro da ba daga jikina ya fito ba. In shi maye ne, ni ce tukunyar. Uban ɗiyar ma nonon nan ya sha, ya ma riga shi.”

Ta tattare zanenta, ta ɗaga ƙafa ta tsallake jikarta, ta juyo ta sake tsallakowa. Sannan ta juya ta dubi Yaya. Shi ne ɗanta na fari, ba ta kiran sunansa, ba ta ma cika haɗa ido da shi ba. Ranar ta dube shi sosai.

“Kai. Taho.”

Yaya ya ɗago, ya dubi surukarsa, ya dubi mutanen da ke bakin zaure.

“Bari in ɗauko moto,” ya ce. Ya fita.

Inna ta bi bayansa da kallo. Sai ta ce mini, “Tsallaka, a tahi da ita. Rana tana yi.”

Na matsa. Yarinyar ta ƙanƙance a tabarmar, akwai sauran lalle a tafin ƙafarta. Na ɗage ƙafar wandona don kada ta shafe ta, na tsallaka. Wata mata ta ce, “Alhamdu lillahi.” Tsohuwar ta miƙo hannu ta ce a ba ta ƙanƙarar a fasa. Na ce ba a fasawa, abin da ke ciki ba ya son hannu ko baki, zai iya cutar da yaro. Na ga matan sun dubi juna, na gane na ƙara musu hujja. Inna ta shiga ɗakina ta ɗauko kwalbar ta soke a ƙugunta.

“Tana wurina. Mai so ya zo ya karɓa.”

Babu wanda ya matsa.

Yaya ya tafi da yarinyar da uwarta a moto, wato babur. Ni na bi su a ƙafa. Da na isa na tarar an sa mata ƙarin ruwa, an yi mata allura. Ban shiga ba. Na zauna a gindin wata bishiyar bedi a waje har la'asar, ina kallon masu shiga da fita. Da Yaya ya fito neman ruwa ya gan ni, ya ce, “Ta buɗe ido.” Na ce, “Madalla.” Ya ɗan tsaya kamar zai ƙara wani abu, sai ya wuce.

Ta warke. Ƙauye ya rabu biyu: masu cewa allura ce, da masu cewa tsallake ne. Akwai kuma masu faɗin duka biyun, ya danganta da wanda ke gabansu. Ba a iya kiran sunana a fili ba, domin duk wanda ya kira shi sai ya haɗa da Inna, ita kuwa ta yi wa rabin matan garin wankan jego. Amma na lura masu aikowa aron turminta sun ragu. Ba ta taɓa ambata mini ba. Ban jira ƙarshen hutu ba na koma Yamai.

Da na mayar wa Madam ɗan maɓallinta, ta tambaye ni ko mahaifiyata ta gani. Na ce ta gani, ta sa albarka. Ta ce in riƙe shi, tana da wani. Ban faɗa mata sauran ba. Ban san ta inda zan fara da Faransanci ba, kamar yadda ban san ta inda zan fara wancan da Hausa ba.

Na koma kan kwalabena. A karo na gaba duwatsun suka fito ɗai-ɗai, masu kyau. Aka aika da su, aka auna, suka riƙe abin da ake so su riƙe. Aka buga aikin da sunan Madam da na mutanen can, da nawa a tsakiya. Bayan wani lokaci ta kira ni ofis ta juyo mini kwamfuta: wasu masu bincike a wata ƙasa ta gabas mai nisa sun gina nasu aikin a kan namu, sun ambace mu. Ta miƙo mini hannu muka gaisa. Na fito na tsaya a baranda da waya a hannu, ina bin sunayen da ke ciki ɗaya bayan ɗaya. Na mayar da ita aljihu, na je na sayi dambu na ci.

Sai da aka shekara biyu, bayan girbi, na sake zuwa gida. Matar Yaya tana bakin zaure tana sheƙa gero. Na rage tafiya, na ba ta lokaci. Ta ɗago ta gyara ɗankwali.

“Sannu da zuwa, Malam. An zo lahiya?”

“Lafiya lau.”

“Madalla. Bari a kawo ruwa.”

Ruwan ya zo a kofi mai murfi, irin wanda ake ba baƙo.

Da rana ta yi sanyi Inna ta kira ni ɗakinta, ta saki labule. Na gaya mata an buga aikinmu, har mutanen wata ƙasa sun ambaci sunana. Wannan karon ban shirya kalmomi ba, na faɗa yadda ya zo.

“Sun san ka?”

“A'a. Sunan kawai suka gani.”

Ta gyaɗa kai. “Suna dai. Nan ma shi anka riƙe.”

Ta jawo kwallarta ta ƙarƙashin gado, ta ɗaga zannuwan da take ajiyewa don Salla, ta fito da kwalbar. Kakin zuman yana nan yadda Madam ta toshe shi.

“Abin nan da ka ja su da shi, yana wurinka?”

Yana aljihuna. Ban san dalilin da ya sa nake yawo da shi ba.

“Sa su tahiya in gani. Ran nan surutu bai bar ni na gani da kyau ba.”

Na kwantar da kwalbar a tafin hannunta, na kawo maɓallin kusa. Duwatsun suka motsa, suka fara hawa gilashin. Inna ta sunkuyo har numfashinta yana dusashe kwalbar. Ta ce in ja hagu, na ja. Ta ce in mayar, na mayar.

A ƙasan labulen na ga 'yan ƙafafu biyu sun zo sun tsaya. Sun ƙara girma, babu lalle. Na ɗan karkata hannun Inna wajen ƙofa, yadda mai leƙe ta gefen labule zai iya gani. Na ja maɓallin a hankali, har ƙarshen kwalbar.

Daga tsakar gida uwarta ta kira ta. Ƙafafun suka ɗan jima, sannan suka juya.

“Sake,” in ji Inna.